Jirgin Lorne Ya Shiga Ruwa

"Lorne! Kashe injin gogar katakon nan!" Na ɗaga zanen gadona ta saman shinge don ya gani. Ƙurar tsohon fenti ta mayar da zanen kore.

Ya janye ƙyallen da ya rufe hanci yana tari. "Ai ya fi kyau haka, Doreen."

Maƙwabcina ne, tsohon direban motar 'yan makaranta. Bayan rasuwar matarsa ya jawo wani ruɓaɓɓen jirgin ruwa na katako mai tafiya da iska ya girke a farfajiya, hancinsa na leƙen tagar kicin ɗina. Mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa a miƙe ba! A waya yake kallon yadda ake gyara. Ya yi, ya ɓata, ya ɓamɓare, ya sake.

Da bazara 'yarsa Paulette ta kira ni daga Portland tana kuka. Ashe ciwon daji ya cinye masa huhu, kuma ya daina zuwa asibiti.

Na same shi kwance ƙarƙashin jirgin yana cusa auduga tsakanin katakai.

"Ba ka da hankali ne? Likita na jiranka!"

"Yau akwai rana. Fenti ba ya bushewa a asibiti."

"To mutu a nan, in huta."

"Kafin nan miƙo min gudumar can."

Na miƙa masa. Haka na zama leburarsa, ina shafa fenti ina masifa, shi yana kan kujera cikin bargo yana ba da umarnin da rabinsa kuskure ne.

Ranar da aka saka jirgin a teku, masu kamun ƙaguwa suka taru a bakin gaɓa suna kallo. Muna shiga ni da shi, ruwa ya fara ɓulɓulowa ta ko'ina.

"Nutsewa yake yi!" na ce.

"Katakon ne bai kumbura ba. Kwashe kawai."

Na yi ta kwasa da tukunyar miyata har gwiwoyina suka jiƙe. Da ƙyar muka ɗaga babban ƙyallen jirgin mai tare iska, iska ta cika shi, jirgin ya karkata ya soma tafiya. Lorne ya riƙe sandar tuƙi. Ba mu yi nisa ba ya ce mu koma, numfashinsa ya gaza.

Bai sake fita ba. Ya rasu wata rana da safe a falonsa, Paulette na riƙe da hannunsa.

Bayan jana'iza ta ce, "Anti Doreen, ya ce jirgin naki ne."

"Nawa? Me zan yi da wannan kwando?"

Har yanzu yoyo yake. In an yi ruwan sama, ni ke saka takalmin roba in gangara bakin gaɓa in kwashe. Jiya na tarar da agwagwa ta yi ƙwai a kan igiyoyin baya, sai na zauna a gefe ina jira ta gama kallona.