Ƙwan Da Ke Ci Da Rana

Laraba tana tsakar gida tana wanke shinkafa Zayyad, yayan mijinta Lawal, ya shigo ya tsaya a kanta. Ya ce babur ɗin Lawal ya haɗu da motar itace a hanyar Tudun Wada, sai haƙuri. Ruwan shinkafar bai gama tsiyaya daga hannunta ba ya ƙara da cewa, "Makullin shagon fa, ina yake ajiyewa?"

Ta nuna masa ƙusar da ke bakin ƙofa. Ran nan ta auna mutumin, ta ga bai kai buhun ƙaiƙayi nauyi ba.

Shagon cajin waya ne, a jikin zaure, bango ɗaya ya raba shi da ɗakinta. Farantan sola a kan kwano, batura a ƙasa, sai wani akwatin ƙarfe da Lawal ya ciro daga tsohuwar kwamfuta, shi ke rage wuta ya ba kowace waya daidai cikinta. Shekara da shekaru mutanen Yako da Fulanin rugagen kewaye suna kawo wayoyinsu, ba a taɓa jin ko ɗaya ta ƙone ba.

Ta shiga takaba. Mai takaba ba ta yawo, ba ta ɗaga murya, amma ba a ce ta toshe kunnuwanta ba. Ranar da Zayyad ya buɗe shagon, ta bango ta ji shi.

"Kai, ji almubazzaranci! Ƙwai a kunne rana tsaka? Allah ya jiƙan Lawal, amma bai san zafin nema ba."

Sai ƙarar fizgar wayar ƙwan.

Ta san ƙwan. Na babur ne, ɗan mitsitsi, a maƙale a jikin akwatin, yana ci ja-ja kamar garwashi tun safe har a tashi. Ita ma ta taɓa yi masa tsiya a kai. Lawal ya yi dariya ya ce, "Akwatin nan jaki ne, Laraba. In ba kaya a bayansa sai tsalle da harbin iska. Ƙwan nan shi ne ɗan kayan da ke sa shi tafiya daidai."

Ta aiki Luba, matar Zayyad, ta ce a gaya wa Yaya ya mayar da ƙwan. Luba ta dawo tana sosa ƙeya. "Wai mai takaba carbi ne aikinta."

Wayar Ja'afar makiyayi ce ta fara tafiya. Shi da sassafe yake kawo tasa kafin ya kora shanu, ita kaɗai a kan akwatin. Ta yi zafi, ta yi wari, ba ta sake buɗe ido ba. A cikinta yake jin labarin ɗansa da ya tafi mashekari, wurin kiwon rani, da rabin garken. Ya tsaya a ƙofar shagon.

"Ni na amince da gidan nan. Wanda duk ya jawo mini wannan, Allah ya isa."

"To, ni dai yadda na tarar da kayan haka na bar su," in ji Zayyad. "Aikin marigayi ne."

"To, Allah ya isa tsakanina da shi."

Laraba ta dafe bango. Mai rai in aka yi masa Allah ya isa, yana da ƙafar zuwa neman gafara. Wanda ke kwance a ƙasa fa, wa zai je masa?

Wasu wayoyin suka bi, kullum da safe, lokacin da ɗaya ce ko biyu a kan akwatin. Ranar kasuwa kuwa, in shagon ya cika maƙil, lafiya lau. Ko ɗan akuya aka ba wannan lissafin zai gane. Zayyad ya gano cewa aljanun safiya ne. Ya turara shagon da ƙaro har hayaƙin ya sa ta tari a ɗaki. Aljanun suka sha ƙamshi, suka ci wata wayar.

Daga nan ya ɗauko Mujitaba mai gyara daga Tudun Wada, da jakarsa da mitarsa ta auna wuta.

"Cire wayoyin nan duka, in auna shi shi kaɗai," ta ji Mujitaba ya ce. Can kuma, "Ka gani? Biyar ya kamata ya tsaya. Ga bakwai, ga huɗu, ga shi ya sake hawa. Rawa wutar take yi."

Ya ce wata 'yar na'urar ciki ce, kafasita, ta gaji, ya canza ta. Warin dalma ya biyo ta ƙarƙashin rufi. Ya sake aunawa, rawa ba ta fasa ba. Ya bi sawun wayoyin ciki ɗaya bayan ɗaya yana tsaki.

Laraba ta ɗauki muciya ta ƙwanƙwasa bango. "Yaya, don girman Allah a mayar da ƙwan."

Ta ji Mujitaba ya ajiye mitar.

"Wane ƙwai?" in ji Mujitaba. "Da wani abu a kansa ne?"

"Rabu da ita, matar marigayin ce. Baƙin ciki ne. Wani ɗan ƙwai ne na ado."

"Af, to." Ta ji ya zuge jakarsa. "Motar ƙarshe za ta wuce ni. Ku sayi sabo kawai, wannan haɗe-haɗe ne."

Kalmar ta kwana a bakin 'yan benci, masu zaman hira a ƙofar shagon, ta wayi gari ta yi 'ya'ya. Mutanen da suka sha shayin Lawal suka tuna cewa dama sun daɗe suna zarginsa. Wani dattijo, wanda Lawal bai taɓa karɓar ko sisinsa ba, ya ce wutar marigayi tun daga nan duniya ta fara ci. Aka yi dariya, sannan aka yi istigfari, don a wanke baki a sake.

Zayyad bai sayi sabo ba. Ya cika shagon da buhunan taki, ya wurga akwatin bayan zaure.

Ranar da ta fita takaba, kafin ta je gaida kowa, can ta nufa. Ta ɗauko akwatin, ta kakkaɓe kashin kaji, ta jawo wayar batura ta tagar ɗakinta. Guntayen wayoyi biyun da Zayyad ya fizge suna nan a tsaye. Luba ta zaro ƙwan daga ƙullin zanenta, ashe ta tsince shi tun ranar.

"Kada ki ce ni na ba ki."

"Wa zan gaya wa? Mai taki?"

Ta murɗa wayoyin yadda ta sha ganin ana yi. Ƙwan ya yi ja. Tata wayar ta fara sakawa, ita kaɗai, ta zauna tana taɓa bayanta har ta cika. Sanyi ƙalau.

Da Rabi, matar Ja'afar, ta shigo tallan nono, Laraba ta roƙe ta ta bar tata. Safiya bayan safiya wayar tana cika tana komawa ruga lafiya, har wata rana aka yi sallama a zaure, aka ce Ja'afar ne. Ta tsaya a bayan ƙyaure ta gaya masa zancen jakin da kayansa, da ranar da aka sauke kayan, da wanda ya sauke.

Ya buga sandarsa a ƙasa a hankali.

"Na ɗauke wa Lawal Allah ya isar nan, inna. Duniya da lahira."

"Na gode. Allah ya ƙara arzikin garke."

"Amma ba mayar da ita baki na yi ba," ya ce, yana duban buhunan taki. "Ta san hanya."

'Yan benci har yau haɗe-haɗe suke cewa, ba ta kuwa bi su da bayani ba. Kowace safiya, in rana ta hau kan kwano, takan goge ƙwan da bakin mayafinta ta kunna shi, ta jira ya yi ja, sannan ta saka wayar farko.