Katakon Malam Bature

"Yaron da ya ji ƙarar piyano kafin yatsunsa su shekara a katako, an cuce shi har abada."

Malam Bature ke faɗa, yana kwance, numfashi na fita da ƙyar. Ni maƙwabcinsa ne a Agege, na ji wannan huɗuba ta fi sau ɗari. Ya yi kiɗa a wani otal a Ikeja, da aka sallame shi aka haɗa masa da tsohon piyano. Ya kulle shi, ya sa mai fenti ya zana haƙoransa, farare da baƙaƙe, a jikin katako. A nan yaran unguwa ke koyo, shiru kamar masu tsintar shinkafa.

Duk sun gudu, sai Radiyya 'yar mahauci. Watanta goma sha ɗaya a kan katakon.

Ranar da ya daina karɓar ko kunu, ya ce a kira ta.

"Turai, miƙo makulli," ya ce wa matarsa. "In ji da kunnena kafin in tafi. Su mutanen jami'a su shaida." Ni yake nufi, da yake a jami'a nake aiki.

Radiyya ta zauna, ta ɗora yatsu yadda aka koya mata, ta danna. Abin da ya fito ko hayaniyar motocin haya na danfo a Iyana Ipaja ta fi shi tsari. Ta sake. Haka dai. 

Na ɗauko katakon, na kara shi da piyanon. Ashe katakon ya gaza, mai fenti ya matse haƙoran don duk su shiga. Kowane yatsa nata a gefe yake sauka. Turai ta gani, ta kama bakin zanenta.

"Mene ne?" in ji Malam, yana ƙoƙarin ɗaga kai. "Bawan Allah, faɗa mini. Katakon ne?"

Na buɗe baki, Radiyya ta riga ni.

"Ni ce, Malam. Ba na maimaitawa a gida. Wasa nake yi."

Ya sauke ajiyar zuciya, fuskarsa ta saki.

"Na sani. Ja'ira. Ki ƙara shekara."

"To, Malam."

Kafin la'asar ya cika.

A zaman makoki mata suka yi ta nuna ta da baki, wai yarinyar da ta ɓata wa Malam rai a ranarsa ta ƙarshe. Tana can bakin ƙofa tana zuba musu ruwa a kofi, ba ta ɗaga kai ba.