Mudun da Aka Auna Niyyata da Shi

Wannan awon niyya da likitoci ke taƙama da shi, ni Jatau na riga kowa ganin cikinsa. Jiya na gan shi a mafarki, a kan gadon nan na asibiti, inda na kwana ashirin da uku ban kurɓi burkutu ba.

Sai ga ni a wani ofis, ruwan sama na tashi daga daɓe yana shigewa rufi. Wata akuya mai tabarau na zaune a tebur.

"Baba, zazzago niyyarka ta barin giya mu auna," in ji ta. "In ta cika mudu a sallame ka. In ba ta cika ba, sai wani watan."

Wani watan! Ran Asabar ake sunan jikana, kuma 'yata Hanne ta ce in na fito tsaf, sunana za a sa masa.

Na kwance ƙirjina kamar bakin buhu, niyya ta zubo fara tas. Akuya ta yi ta zubawa, mudu ya ƙi cika.

"Da saura," ta ce.

Ni za a yi wa wannan? Shekara arba'in ina awo a kasuwar hatsi! Na fizge mudun na kifa shi. Gindinsa a huje, 'ya'yan akuyar na ƙarƙashin tebur suna ta taunar niyyata.

Sai ga mu a kotu, cikin rijiya. Alƙalin bunsuru ne.

"Za ka sake sha? E ko a'a."

"Allah ya kiyaye."

"Babu gidan wannan amsa a takarda."

"To, ku gina mata, ranka ya daɗe! Ni da kwalara ta gwada ta bari, mota ta kife da ni sau biyu!"

Wata kwalba ta shigo da ƙafafunta. "Jatau, tsohon aboki, ya ƙishi?"

Ba na ɓoyewa, yawuna ya tsinke. Na kamo wuyanta, na ɓalle marfin, na toshe hujin mudun da shi. Ita kuma na bar ta tana zuba sama tare da ruwa. Niyya ta cika mudu har ta yi tozo.

Ƙarar keken magani ce ta tashe ni. Sista Rifkatu ce, da takarda a hannu.

"Baba, yau ne tambayoyin awon niyyar nan fa."

"'Yar nan, kifa ta tukuna in duba gindinta."

Duk mai shakka, ya zo wurin suna ran Asabar da kwalbarsa, ya dasa ta a gabana. Zan miƙa masa takwarana ya riƙe, mu ga hannun wa zai yi rawa.