Wayar da Manniru Ya Naɗa

Tsamiyar ba ta fi kamu biyu ba. Manniru, mijin Zulai, shi ya tono ta a Yangoji ranar da suka je gaida yayarsa Talatu, lokacin tsamiyar tana 'yar tsiro mai ganye shida. A ledar burodi ya kawo ta gida.

Manniru bakanike ne a Apo, mai gyaran wutar mota. Wani oga ya taɓa kiransa gida don motarsa ta ƙi tashi. Can ya ga bishiya a kan tebur, tsohuwa, da rassanta da komai, amma a cikin faranti. Ogan ya ce bonsai ake ce mata, kuma itacen ƙasar sanyi ne, da ƙyar yake rayuwa a nan. Manniru ya ce a ransa, ai tsamiya ma itace ce.

Ya samo tsohuwar tasa ya huhhuda ta da ƙusa. Ya datse saiwar, ya dasa. Da ta yi ƙwari sai ya warwaro wayar tagulla daga wani mataccen inji, ya riƙa naɗa wa rassan yana lanƙwasa su a hankali.

"Baban Najwa," in ji Zulai, "mutane suna shuka itace don inuwa. Wannan wa za ta yi wa inuwa? Ƙadangare?"

"Shi ma ai bawan Allah ne. Zo ki ga yadda ake yi."

"Tuwona na kan wuta."

Shekara biyu ke nan, duk Juma'a da la'asar yana kan tabarma da tasarsa da filayarsa. Yakan kira ta. Wata rana tuwo, wata rana wanki, wata rana ba komai, ba ta dai ga abin gani ba ne.

Farkon damina ya faɗi a gareji. Hawan jini, in ji likita. Kwana uku a asibiti, ya cika.

Zulai ta shiga takaba. Najwa, 'yarsu ɗaya, ta yi sati biyu ta koma ɗakinta a Kaduna. Gidan ya yi shiru. Hularsa na nan a ƙusa, takalminsa na bakin ƙofa, ba ta taɓa ko ɗaya ba. Tsamiyar ce kaɗai take neman wani abu a wurinta, sai ta riƙe ta. Kullum da safe ruwa. In hadari ya haɗo ta fitar da ita tsakar gida. Tsamiya ta yi ta toho, ta yi ƙiba, Zulai tana jin daɗi. Takan bi wayar da ɗan yatsa, zagaye bayan zagaye. Juma'ar ƙarshe ya naɗa ta, ita ce abu na ƙarshe da ya yi da hannunsa a gidan.

Talatu ta zo duba ta a wata na uku. Ta tsuguna gaban tasar.

"Matar ƙanena, anya wayar nan ba ta matse ta ba?"

"Shi ya sa ta, Yaya. Ya fi mu sani."



Daga baya ganyen sama ya fara zama ruwan ɗorawa yana zuba. Zulai ta ƙara ruwa. Ta roƙi wata mai tallan nono ta kawo mata kashin shanu, ta barbaɗa. Ganye bai daina zuba ba.

Washegarin fita takaba ta rungumi tasar ta nufi bakin titi, wurin Magdalena mai sayar da furanni. Magdalena ta juya tasar sau biyu, ta ja tsaki.

"Mama, wa ya ɗaure wannan?"

"Maigidana."

"To ki faɗa wa oga ya yi laifi. Duba yadda waya ya shiga jiki. Ya manta ne?"

"Ya rasu."

Magdalena ta ajiye tasar a hankali. "Yi haƙuri, Mama. Allah ya ji ƙansa." Ta nuna wayar. "Wannan waya ba na zama ba ne. Wata biyu, a cire, a sa sabo. Itace yana ƙiba, waya ba ya ƙiba."

Zulai ta dubi wayar. Ɓawo ya kumbura ta ko'ina ya kusa haɗiye ta. Ashe duk ruwan nan da takin da ta yi ta zubawa, shaƙewa take ƙara mata.

Magdalena ta kankare ɓawon sama da farce. Busasshe ne. Ta kankare na reshen ƙasa, ya nuna kore.

"Wannan ɗaya yana da rai. Sai a yanke sama, a yanka waya gutsi-gutsi."

"Ba za a warware ta a ɗaya ba? Ina so in ajiye ta yadda ya naɗa."

"In kin ja, zai tafi da ɓawo. Shi ma ɗayan ya mutu."

 Zulai ta miƙa hannu ta karɓi almakashin Magdalena. Ita ta yanka da kanta. Guntayen tagulla suka yi ta faɗawa ƙasa, ko'ina ta cire sai ta ga zane mai zurfi a jikin itacen. Da ta datse saman, abin da ya rage ɗan kututture ne da reshe ɗaya.

"Zai yi," in ji Magdalena. "In ya warke, a sake lanƙwasawa. Oga ta ina yake so reshen ya bi? Hagu ko dama? Sama ko ƙasa?"

Zulai ta dubi reshen. Ta nemi maganarsa ko guda a kanta, a cikin Juma'o'in nan duka, ba ta samu ba.

"Ban sani ba," ta ce.