Baƙon Kamfanin Jiragen Ruwa

Maharazu bai taɓa ganin teku ba, ruwan da ya sani bai wuce na rijiya da na kududdufin bayan gari ba. Amma shekara goma sha takwas ke nan yana aikin malamin gona a wani ƙauye kusa da Sandamu, yana auna ruwan sama duk damina, kuma a kan idonsa shuka ta koma sai an yi ta sau uku kafin ta kama. Da ya ji za a yi taro a Turai kan rage hayaƙin manyan jiragen ruwa, har ana son jin ta bakin manoma, sai ya zauna ya cika shafi huɗu kan yadda hayaƙi ke ɓata musu damina. Burinsa ɗaya ne, takardar nan ta isa wurin taron.

Abin haushin, wanda aka turo ƙauyen jin ta bakin manoman ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Wani ɗan gayu ne mai suna Yazid, ma'aikacin kamfanin jiragen ruwa, kamfanin da ya ɗauki nauyin tafiyar wakilan da za su je taron kacokan.

A ƙofar gidan dagaci, Malam Sama'ila, Yazid ya zuba bayani mai daɗin ji. Wai in aka matsa wa jirage, riɗin manoma zai rasa mai ɗauka zuwa waje, taki kuma ya yi tsada.

"Baba, kun amince a jinkirta dokar rage hayaƙin nan shekara goma?"

"To, madalla," in ji dagaci. "Mun ji, Allah ya yi albarka."

Dattawa suka gyaɗa kai. Maharazu ya ji kamar ya fashe don takaici. Ya yunƙura zai tashi, dagaci ya yi masa wani kallo, dole ya koma ya zauna da takardarsa a aljihu. A garin nan ba a musa wa baƙo a bainar jama'a. Sai ya ci ya sha, a keɓe da shi a zaure, sannan a gaya masa gaskiya a hankali. Tun jiya dattawa suka gama shawara, kuma amsar a'a ce.

Ana can ana kwashe tuwo, Yazid ya ɗauki hotuna, ya dubi agogo, ya ce bari ya amsa waya a mota. Kafin Maharazu ya fito kiransa, mota ta hau kwalta.

Bayan sati uku, da hantsi, Maharazu na zaune da dagaci, rediyo ta ce an ɗage dokar. Cikin hujjojin da aka gabatar har da goyon bayan manoman ƙasar Daura.

"Ranka ya daɗe, ka ji abin da muka jawo?" in ji Maharazu.

Dagaci ya rage ƙarar rediyon, damuwa sosai a fuskarsa.

"Ni abin da ke damuna, yaron nan ya tafi bai ci komai ba. Malam, bincika mana yaushe zai dawo ya ji amsarmu."