Batir a Bayan Mai Rediyo

Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana buɗe cikin rediyo ba ya yarda da abu mai batir. Shi ya sa da likita ya ɗago wata 'yar na'ura kamar kwalin ashana, ya ce za a dasa ta ƙarƙashin fata, a ja siririyar waya zuwa lakar baya don ta riƙa dakushe zafin kafin ya isa ƙwaƙwalwa, Mai Rediyo bai kalli na'urar ba. 'Yarsa Auta ya kalla. Murmushi take yi, murmushin kuma ya yi masa yawa.

Ciwon baya ne ya rufe masa shago, shi ne kuma ya dawo da Auta gida bayan rasuwar mahaifiyarta. Ta baro aikinta a wani gari ta zo ta tare a ɗakin da ke kallon nasa. Ita ke ɗaga shi daga gado, ita ke sa masa takalmi, ita ke shan faɗansa in ciwon ya motsa. Yayyenta kuwa gwanayen gaisuwa ne a waya.

Likita ya ce gwaji za a fara. Aka sa waya ta wucin gadi, aka manna batirin a ƙugunsa daga waje, aka ba shi rimot. In ciwon ya ragu sosai, sai a yi dashen dindindin.

Tun a mota ya sha jinin jikinsa. Wa ya fara kawo zancen na'urar nan? Auta. Wa ke fita baranda ta rage murya in wayarta ta yi ƙara? Auta. Kwanan nan ma ta sauko da akwatinta daga saman kabad, wai goge shi za ta yi. Akwatin da ba za a yi tafiya da shi ba, ina ruwansa da guga? So take a cusa masa batir, a danna shi ya tashi kamar rediyo, ta kama gabanta. Tsoro ne ya kama shi, tsoron gidan nan babu motsin kowa sai nasa.

Abin haushi, na'urar ta yi aiki. Inda dā yake jin kamar ana soka masa ƙusa, yanzu sai wani ɗan yam-yam kamar tafiyar kiyashi.

"Baba, ya bayan?" in ji Auta kowace safiya.

"Jiya i yau," yake cewa, har da yamutsa fuska. Ya miƙa mata hannu, ta rungumo shi ta ɗaga kamar yadda ta saba.

Ana gobe za su koma asibiti, yana zaune yana taɓa wata tsohuwar rediyo, sai ɗan noti ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin tebur. Hannu ya riga tunani. Ya sunkuya, ya laluba, ya ɗauko, ya miƙe tsaf. Yana juyowa ya ga Auta a bakin ƙofa riƙe da kofin shayi.

Ya yi maza ya dafe ƙugu.

"Bari kawai, Baba. Na gani."

"Kin ga me? Leƙe kike mini yanzu? Ke dai faɗi gaskiya, tafiya kike son yi."

"Ina so," ta ce, ba ta ko ƙifta ido ba. "A wurin aiki sun ce gurbina yana nan in na koma kafin ƙarshen wata. Amma in ka ce wa likita na'urar ba ta yi aiki ba, ba zan ƙaryata ka ba. Zan mayar da akwatin in zauna."

Ya so a ce musantawa ta yi, da ya san yadda zai yi da ita.

Washegari likita ya jawo kujera kusa da shi. "To, Baba, ya aka ji da na'urar?"

Amsar tana bakinsa, ya shirya ta tun daga gida. Ya waiga don ya ga ko Auta za ta yi masa ido. Ba shi take kallo ba. Ta jingina da bango, ta karkace gefe guda, tafin hannunta a kan ƙugu tana murzawa a hankali, leɓenta a cije. Ya san tsayuwar nan. Haka ya riƙa tsayawa a bayan kantar shagonsa, shekarar da abin ya fara masa. A cikin makon nan ma sau nawa ya sakar mata nauyinsa, alhali zai iya tashi da kansa?

"Baba?" likita ya sake kira.

"Tana aiki," ya ce. "Ku dasa. In kun gama da ni, ku duba mini bayan yarinyar nan kafin ta tafi."