Shafen Jini

Sau biyu Auta tana faɗuwa jarabawar shafen jini, kuma a makarantar horar da mataimakan ɗakin gwaje-gwaje sau uku kawai ake yarda. In ta sake faɗuwa ranar Alhamis, 'yan ajinsu za su tafi asibiti koyon aiki, ita ta maimaita shekara.

Abin haushin, karatun takarda ba wanda ya kama ƙafarta. Amma a ɗiga jini kan siririn gilashi, a ɗauki wani gilashin a tura ɗigon ya shimfiɗu siriri har ya ƙare da jela, nan fa ake yin ta. Nata kullum sai ya fito da kauri, tudu-tudu, in an sa a madubin gwaji ƙwayoyin sun hau kan juna, ba mai iya ƙirga su. Malamarsu, wadda ɗalibai ke kira Sake-Yi a bayan idonta, sai ta ɗaga shi wajen taga, ta ajiye, ta faɗi sunanta da kanta.

Ranar Talata da yamma Auta ta baje gilasai a teburin tsakar gida, tana gwadawa da tawada da ta dama da ɗan madara. Baba ya dawo daga aiki, siminti har gira. Shekara talatin yana shafen bango. Tun tana aji uku a firamare ya daina leƙa littafinta, yakan ce karatun ya wuce kansa, abin kuma yana cin sa ko bai faɗa ba. Ya tsaya a bayanta da bokitinsa har ta ɓata gilashi huɗu.

"Wannan ai filasta kike yi," in ji shi.

"Baba, don Allah. Kimiyya ce."

"To kimiyyar taki da yaron aikina ne ya yi min ita, sai na kankare. Sake in gani."

Ta sake. Ya ajiye bokitin.

"Gilashin nan shi ne cokalin shafenki, kin miƙar da shi da yawa, kwantar da shi kaɗan. Sannan kina tsayawa a tsakiya kina shawara, shi ya kawo tudun nan. Kar ki kalli hannunki, kalli inda za ki ƙare. Shafa ɗaya, kar ki koma."

Inna daga kicin ta ce, "Yau kuma likita muka samu a gidan?"

Bai kula ta ba. Ya goge hannu a wando, ya kama gilashin da yatsun nan nasa masu kaushi, ya tura sau ɗaya. Auta ta buɗe baki. Ga shi nan sumul, har da jela, irin na hoton littafinsu sak. Dariya ta kama ta har da hawaye, rabi daɗi rabi takaici: wata huɗu tana fama, mutum ya zo da siminti a gira ya yi a tashi ɗaya. Ya riƙe wuyan hannunta suka yi sau goma tare, sannan ya saki.

Ranar Alhamis ta sa safar hannu, ta rubuta lambar samfurin a gefen gilashi, ta ɗiga jinin. Ta kwantar da gilashin kaɗan, ta jira ɗigon ya bi bakinsa, ta kalli ƙarshen, ta tura.

Sake-Yi ta ɗaga shi wajen taga. Ta daɗe. Bayan an rina shi ta sa a madubi, ta ƙara daɗewa.

"Wa ya gyara miki hannu?"

"Babana, Malama."

"A wane asibiti yake?"

"Magini ne. Shafe yake yi."

Matar da ba a taɓa ganin haƙorinta ba ta yi dariya har tana dafa tebur. "Kin ci. Wannan kuma ba zan ba ki ba, 'yan sabon aji zan riƙa nuna wa. Me ya ce miki?"

Auta ta faɗa mata, ita kuwa ta ɗauki alli ta rubuta a allo.

Auta ba ta iya jira Baba ya dawo gida ba. Ta same shi a wurin gini, a kan tsani, ta miƙa masa wayarta da hoton allon. Ya sauko, ya karanta a hankali, baƙi bayan baƙi, leɓensa na motsi: Shafa ɗaya, kar ka koma.

"Maganata ce wannan?"

"Taka ce, Baba. A allon makarantarmu."

Ya juya baya wai ƙura ta shiga masa ido, alhali simintin jiƙaƙƙe ne. Da ya juyo ya ce, "In da wani darasin da ya gagare ki, ki kawo min yau."